Darasi: Yadda Ake Tono Tafiyar Yarinta Kafin Ta Dushe

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Kafin in shiga magana ina da roƙo ɗaya. Idan kundin hotunan gidanku yana kusa, ko wayar da aka turo muku tsofaffin hotuna a ciki, ku ture gefe, kada ku buɗe tukuna. Takarda da biro kawai nake so ku ɗauko. Za ku ji dalili nan gaba kaɗan.

Darasinmu na yau a kan tafiyar da aka yi da mutum ƙasar waje ne yana ƙarami, lokacin hutu, shi da iyayensa da 'yan'uwansa. Yadda zai tono abin da ya rage masa a kai, ya ware wanda ya gani da idonsa daga wanda aka ba shi labari, sannan ya adana.

Bari in fara da tawa. Ina shekara bakwai aka je da mu Masar. Duk wanda ya ji haka, tambayarsa ta farko ita ce, "To kin ga dala?" Na gani mana. An kai mu Giza, mun tsaya a gindin babbar dalar Fir'auna Khufu, wadda ta yi kusan shekara 4,500 a tsaye, tsayinta na asali mita 146. Amma duk wannan sai da na girma na karanta. Abin da na riƙe da kaina dutse ɗaya ne tak, na sahun ƙasa. Na jingina da shi, ya fi ni tsawo, rana ta gasa shi ya yi ɗumi, da na shafa sai wani gari fari-fari ya manne mini a tafin hannu. Duwatsu sama da miliyan 2 aka jera a ginin nan, ɗaya na taho da shi gida a kaina. Sai kuma raƙumi. Da ya ɗaga ƙafafun baya zai miƙe, na zame gaba kamar zan kifa, sai na ji hannun Baba ya zagaye cikina ya riƙe ni gam. Duk tafiye-tafiyen da na yi a rayuwata, babu abin da na fi so in tuna kamar hannun nan.

Kun ga inda yaro yake ajiye idonsa. Manya suna ɗaga kai suna kallon gini, shi yana kallon abin da ke daidai tsayinsa. Saboda haka idan kun zauna rubutu, kada ku tambayi kanku "me muka gani a ƙasar?" Wannan tambayar manya ce, amsar manya za ta ba ku. Ku yi wa kanku tambayar yara. Hannun wa nake riƙe da shi? A jirgi, wa aka ba kujerar taga, ni kuma na yi kuka ko na haƙura? Me aka hana ni taɓawa? Me ya ba ni tsoro? Da wa na kwana gado ɗaya a masauki? Wane takalmi ne a ƙafata, yana matse ni ko kuwa? Ku rubuta duk abin da ya faɗo, ko da guntu ne marar kai marar gindi. "Matakala mai tafiya da kanta, na ƙi hawa." Ya isa, layi ɗaya ne, ku sauka ƙasa ku jira na gaba. Kada ku gyara, kada ku jera su bi da bi. Minti 15 ya wadatar a zama na farko.

Idan kai ya cushe, ku nemi taimakon hanci. Ƙanshi da wari suna da gajeriyar hanya a ƙwaƙwalwa: saƙon ido da na kunne sai sun bi ta wata tasha kafin a rarraba su, shi kuwa na hanci yana isa kai tsaye kusa da sassan da ke kula da motsin rai da ajiye abin da ya faru. Wani bincike da aka yi a Suwidin a 2006 ya nuna cewa abubuwan da ƙanshi ke tuno wa dattawa yawancinsu na kafin shekara 10 ne. Ni warin man jirgi ne mabuɗina. Ko yau na shaƙe shi a filin jirgi, sai in ga kaina ina hawa matakalar ƙarfe, iska tana kaɗa rigata, Yaya tana gabana tana cewa in kama ƙarfen gefe. Wani nasa sabulun otal ne, wani iskar bakin teku, wani kujerar tasi.

To, yanzu ga dalilin da ya sa na ce a ajiye hotuna. A 2002 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Kimberley Wade, da abokan aikinta sun yi wani gwaji da mutum 20. Sun karɓi hotunan yarintarsu na gaske daga danginsu, sai suka haɗa na bogi guda ɗaya suka cusa a ciki: ga mutum yana yaro, a cikin kwandon ƙaton balan-balan ɗin nan mai tashi da mutane sama. Ba wanda ya taɓa hawa a cikinsu, dangi sun tabbatar. Bayan an zauna da su sau uku ana nuna musu hoton ana cewa su yi ƙoƙarin tunawa, rabinsu suka fara ba da labarin hawan, wasu har da abin da suka hango a ƙasa da yadda gabansu ya faɗi. Mutanen nan ba maƙaryata ba ne. Haka ƙwaƙwalwa take aiki, duk lokacin da ka tuna abu sake gina shi take yi, kuma abin da ta samu a kusa da shi take yaɓe. Hoton da ka kalla sau ɗari a falo yana iya zama maka kamar abin da ka gani da idonka. Shi ya sa nake so naku ya fara sauka a takarda, kafin hoto ya sa baki.

Akwai wata 'yar alama da nake amfani da ita, ko da yake ba hujja ce yankakkiya ba. Idan a cikin abin da kake tunawa kana hango kanka daga nesa, tsaye cak, kana murmushi, da irin kayan da ke jikinka a hoto, to ka sa alamar tambaya a gefe. Idan kuwa abin da ke zuwa maka ɗumin dutse ne, ko toshewar kunne lokacin saukar jirgi, abin da kyamara ba ta iya ɗauka, wannan ya fi kama da naka.

Shekaru ma suna da ruwa a ciki. Yawancin manya ba sa tuna komai na kafin shekara uku zuwa uku da rabi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne aikin Patricia Bauer da Marina Larkina na Jami'ar Emory a Amurka. Sun naɗi hirar yara 'yan shekara uku da iyayensu mata a kan abubuwan da suka faru da su, sannan suka sake neman yaran bayan wasu shekaru. Waɗanda aka tambaya suna tsakanin shekara 5 da 7 sun tuna fiye da kashi 60 cikin 100 na abubuwan. 'Yan shekara 8 da 9 kuwa ba su kai kashi 40 ba. Wato yaro yana riƙe da abin na ɗan lokaci, daga baya ya sulale masa. Don haka wanda aka je da shi yana goye, kada ya matsa wa kansa. Nasa labarin yana bakin wasu, can zai je ya karɓo.

Nan muka zo kan 'yan'uwa. Ku tambaye su, amma ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ku fara faɗa musu naku. Idan aka taru a ɗaki guda, wanda ya fi kowa iya ba da labari shi zai cinye, kowa ya tashi da nasa a kai. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Elizabeth Loftus, ta nuna wannan tun 1995, inda aka sa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen da ta gwada suka yarda sun taɓa ɓata a wani katafaren kanti suna yara, don kawai an ce musu wani ɗan'uwansu ne ya ba da labarin. Ni da na kira Yaya, cewa kawai na yi, "Yaya, zuwanmu Masar, me kike fara tunawa?" Ko dala ba ta ambata ba. Jirgin ruwa mai tafiya da iska ta kawo, a kan Kogin Nilu da yamma, da yadda mai jirgin yake riƙe igiya da yatsun ƙafa. Ni ko ɗigo ban tuna ba. Ta ce ai barci nake yi a cinyar Umma tun daga tashi har dawowa. Shekararta 12 a lokacin, tafiyarta daban, tawa daban, alhali mota ɗaya muke shiga.

Iyaye kuwa, don Allah ku naɗi muryarsu. Kowace waya tana da wurin ɗaukar murya. Ku nemi izini, ku ajiye ta a gefe, ku bar su su yi ta magana ko sun kauce hanya, don sau da yawa a kaucewar ake tsintar abin kirki. Wannan ina faɗa da nauyi a zuciya, domin Baba ya rasu ban taɓa zama na tambaye shi ba, Allah ya jiƙansa. Ina ganin kamar lokaci yana nan. Umma na samu, Allah ya ƙara mata lafiya. Na ce, "Umma, me kika fi tunawa?" Ta yi shiru, can ta ce, "Ƙirga ku. Duk ƙofar da muka wuce sai na ƙirga ku, ɗaya, biyu, uku, huɗu, jakar fasfo tana hammatata." Mu muna hutu, ita tana gadi. Ban taɓa kallon tafiyar ta wannan gefen ba sai ranar.

Sai bayan duk wannan za ku nemi shaida. Tsohon fasfo ya fi komai, don hatimin shiga da na fita suna ɗauke da rana da wata da shekara. In babu, duniya da kanta tana da kalanda. Tsabar kuɗin Faransa ko na Jamus na da a cikin gwangwani yana nuna tafiyar ta riga 2002, shekarar da takardun Yuro suka fito. Wanda ya hau babban lilon London Eye yana yaro, bai je Landan kafin 2000 ba. Wanda ya ga dogon benen nan na Burj Khalifa a kammale a Dubai, daga 2010 ne zuwa sama. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira a 1987 ya fara aiki. Ku kuma sani wurare suna canzawa: kayan Fir'auna Tutankhamun da muka gani a gidan tarihi na Dandalin Tahrir yanzu an mayar da su sabon babban gidan tarihi kusa da Giza, wanda aka buɗe a 2025. In ka duba intanet ka ga ba su a inda ka san su, kanka bai yaudare ka ba.

Yawwa, yanzu ku buɗe hotunan. Na zamanin fim ba su da yawa, fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka, shi ya sa kowanne sai da aka yi shawara kafin a danna. Ku juya bayansu ku duba ko an yi rubutu, wasu kuma kwanan wata yana kusurwa da jan rubutu. Kada idonku ya tsaya kan fuskoki kaɗai, ku duba gefe-gefe: jakar da ke ƙasa, rabin hannun wani, allon kan titi. Sannan ku raba takardarku gida uku, abin da na tuna da kaina, abin da aka faɗa mini da wanda ya faɗa, da abin da takarda ko hoto ya tabbatar. Inda suka saɓa, ku bar su a saɓe, kada ku tilasta musu jituwa. Ku ɗauki hoton komai, ku ajiye a wuri biyu, ku tura wa 'yan'uwa.

Ga masu 'ya'ya ƙanana da ke shirin tafiya, abu biyu. Masana irin su Robyn Fivush sun daɗe suna nuna cewa yaran da iyayensu ke jan su da hira a kan abin da ya wuce, da tambaya mai buɗe baki, sun fi riƙe labarin rayuwarsu. "Ka ji daɗi?" amsarta "e" ce, hira ta mutu. Ki ce, "Da jirgi ya tashi, me ka hango ta taga? Sai kuma aka yi yaya?" Ko ya kawo abin da ke ba ki ga muhimmancinsa ba, kamar kyanwar bakin otal, ki bi shi a kan kyanwar. A maimaita bayan wata ɗaya, a maimaita bayan shekara. Na biyu, a rage ɗaukar hoto barkatai. Wata masaniya, Linda Henkel, ta gwada ɗalibai a gidan adana kayan fasaha, ta samu cewa abubuwan da suka ɗauka hoto sun fi saurin manta su a kan waɗanda suka tsaya suka kalla kawai, sai dai in sun matso da kyamara kan wani ɓangare da ya ja hankalinsu. To ku miƙa wa yaro wayar sau biyu ko uku a yini, ya zaɓi abin da zai ɗauka da kansa.

Akwai abu ɗaya da Umma ta faɗa wanda na ajiye muku. Da muka kusa gama hira na ce, "Umma, raƙumin nan, da gaske Baba ne ya hau da ni, ko ni na ƙirƙira?" Ta ce, "Shi ne mana. Ke kika nace sai kin hau, kuma kika ce ba za ki hau da kowa ba sai shi. Bai taɓa hawa raƙumi ba sai ranar. Da ya sauko ya ce mini tun da dabbar nan ta miƙe gabansa yake faɗuwa, ya dai ƙanƙame ki ne don kada ki gane." Na rubuta wannan a gida na biyu na takardata, na sa sunan Umma da kwanan wata a ƙasa, daura da layin da na rubuta da kaina, mai cewa hannun Baba.

Sai mun haɗu a darasi na gaba, ku huta lafiya.