Taswirar bahasi: daga tambaya zuwa QGIS

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗalibai, na Gadarif da Kassala da Sinnar da Madani, da waɗanda yaƙi ya tarwatsa suke bin lacca ta waya daga duk inda Allah ya ajiye su.

Idan kuka buɗe bahasin kammala jami'a, babin da ake bayanin yankin bincike, sau da yawa abu ɗaya za ku tarar: taswirar Sudan da aka tsinto a intanet, an shafa wa jiha ɗaya launi, an ja kibiya. Wani lokaci ma tsohuwa ce ta kafin 2011, har da Juba a ciki. Ado ne kawai, ba ta faɗi komai ba. Taswirar da muke so ku iya yi ita ce wadda idan aka cire ta daga bahasin, hujjarka ta rushe.

To, ba daga kwamfuta ake farawa ba, daga tambaya ne. "Matsalar ruwa a Sudan" ba tambayar ɗalibi ba ce, ta fi ƙarfinka. Matse ta. A wata unguwa da ke gefen Gadarif, nisan nawa ne tsakanin gidaje da wurin ɗiban ruwa a watannin rani, kuma nawa mai karo yake sayar da ganga a bakin famfo, nawa yake sayarwa a ƙarshen unguwa? Wannan ana iya auna ta, ana iya gama ta kafin ranar munaƙasha, wato ranar kare bahasi.

Kafin ka fita, duba abin da na gabanka suka rubuta. A nan akwai tarko: a Google Scholar garin nan ɗaya yana zuwa da Gedaref, da Gadarif, da Al Qadarif, ban da rubutunsa na Larabci. Wanda ya nema da ɗaya kaɗai sai ya zo ya rubuta cewa babu wanda ya taɓa binciken, alhali aikin yana nan. Duk abin da ka karanta ka jefa shi cikin Zotero nan take, kyauta ne, zai tsara maka madogara.

Yanzu ku dubi wayar nan da ke allo. KoboToolbox ne, manhajar tattara amsoshin tambayoyi da lambobin wurare a waya. Ka tsara tambayoyinka lokacin da kake da intanet, ka sauke su a waya, shi ke nan. A fili ba ya buƙatar layi, domin GPS da tauraron ɗan'adam yake magana, ba da kamfanin waya ba. Ka tsaya a bakin famfo, a sarari, ba ƙarƙashin rumfar kwano ba. Ka ga lambar nan da ke sauka, 30, 18, 9? Kuskuren awon ke nan a mita. Kada ka yi gaggawar dannawa, bari ta kusa 5.

A wannan mataki kuna da abin da baƙon mai bincike ba shi da shi. Masu ɗawainiyar ruwa mata ne da yara, kuma amsar gaskiya a tsakar gida take, da Hausa. Ke 'yar uwa, za ki yi sallama ki shiga, ki gaida Inna, ta gaya miki wane famfo ne ya kwana biyu bai kawo ba, wanne ne ake fara layi tun kafin asuba. Takardar hukuma za ta nuna famfo yana nan. Inna ce za ta ce miki kansa ya karye tun bara. Amma ki fara gaya mata me za a yi da maganarta, idan ta ce a'a, a'a ce.

An dawo gida, sai QGIS. Manhajar haɗa taswira ce ta kyauta tun 2002, ba lasisi, ba satar kwafi, kuma tana aiki a kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi. Tana jera bayanai hawa-hawa, kamar farar leda a kan farar leda, kana hango na ƙasa ta cikin na sama. Hawa na farko tituna daga OpenStreetMap, taswirar intanet ta kyauta, na biyu ɗigogin famfo, na uku gidaje. Sai ka ce ta zana da'irar mita 500 a kewayen kowane famfo. Me ya sa 500? Ita ce iyakar da ƙa'idojin Sphere na ayyukan agaji suka sa tsakanin gida da wurin ruwa, tare da lita 15 ga kowane mutum a rana. Gidajen da suka faɗo wajen da'ira, su ne sakamakonka.

Sai dai da'ira tana auna tafiyar tsuntsu. Wanda ya san baƙar lakar Gadarif a damina ya san mita 300 na iya cin rabin awa, balle idan kwari ya cika ya raba unguwa biyu. Shi ya sa lokacin da mutane suka ce suna ɓatawa ya zama dole ya shiga lissafi. Ma'aunin da WHO da UNICEF ke amfani da shi minti 30 ne, zuwa da dawowa har da layi.

Ga inda ɗalibai da yawa ke zamewa. Wayarka tana ba da wuri da digiri, a tsarin WGS 84. Idan ka ce QGIS ta auna 500 a kan digiri, za ta zano maka da'irar da ta haɗiye duniya. Sai ka mayar da hawan zuwa UTM, wanda ke lissafi da mita, ya kuma raba duniya yanki-yanki. Gadarif, Sinnar, Madani da Khartoum suna yanki na 36 ta arewa, Kassala da Port Sudan kuwa na 37. Idan kuma duktur ya ba ka tsohuwar taswirar hukumar safiyo, duba gefenta da kyau. Yawancinsu a kan tsarin Adindan aka zana su. Ka ɗora ta kai tsaye a kan ɗigoginka, komai zai goce da mitoci masu yawa, rijiya ta koma tsakiyar titi.

Hotunan sama ma kyauta ne. Tauraron Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana sake ɗaukar wuri kusan duk kwana 5, kowane ɗigo na hoton mita 10 ne. Ba zai ga famfo ba, amma zai nuna maka hafir, tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, yana cika a Agusta, yana ƙanƙancewa a rani. Landsat na Amurka ya faro tun 1972, an buɗe rumbunsa ga kowa a 2008. Ɗan Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, zai iya jera hotunan shekaru ya ga yadda gaɓar kogi da gonakin bakinsa suka sauya, sannan ya kai wa dattawa su faɗa masa ko hakan ne. Gani ya kori ji, amma hoton damina rabinsa gajimare ne, sai an haɗa da ji ɗin.

Maganar da ta fi duk waɗannan nauyi: tun 15 ga Afrilu 2023 ƙasar nan cikin yaƙi take. Matashi yana zagaye da waya yana ɗaukar lambobin wurare abin zargi ne, kuma zargi a yanzu ba wasa ba ne. Ka riƙe takardar jami'a mai hatimi, ka samu izinin hukumar yankin, ka gaida shugabannin unguwa kafin ka ciro waya. Gada, shingen bincike, tashar wuta, bariki, ko kallonsu kada wayarka ta yi. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa, cire shi daga lissafi gaba ɗaya. A taswirar da za ka buga, kada ɗigo ya zauna a kan gidan kowa, tara gidajen rukuni-rukuni. Kada ka yi taswirar da ke nuna wace ƙabila ke zaune a wane layi, ko ina masu gudun hijira ke kwana. Bahasi yana fita daga hannunka, ba ka san hannun da zai faɗa ba.

A ƙasan taswirar ka sa ma'aunin nisa, kibiyar arewa, tsarin awon da ka bi, inda kowane hawa ya fito, da watan da ka tattara bayanan, domin famfon Janairu ba shi ne na Mayu ba. Ka ajiye komai a fayil ɗaya na GeoPackage, nau'in fayil da ke ɗauke da duk hawa-hawan, kwafi a filasha, kwafi a imel duk ranar da layi ya dawo.