Wai ni na fasa sandata, saboda haka babu garanti

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da fuskar nan da kuke gani yau, wallahi ban yi niyyar ɗaukar bidiyo ba sam, imel ne ya shigo mun daga kamfanin da ya ƙera sandar golf ɗina da ta tsage, ina fitowa daga filin golf na Achimota a Accra, na faka a gefen titi na karanta, na sake karantawa ko idona ne, na ce a'a wannan sai na faɗa muku tun raina bai huce ba, don in na bari na isa gida na ci abinci zan fara cewa a bar wa Allah, ni kuma yau ban shirya barin komai ba.

Ga sandar nan, bari in matso da ita kusa da kyamara. Kun ga layin nan siriri, daga inda fuskar da ke dukan ƙwallo ta haɗu da saman kan sandar ya miƙe ya yi baya? In na sa farce yana kamawa, ku ji. Tsagewa ce. Ga waɗanda ba su san wasan ba, doka ta yarda ka sa sanda 14 a jaka, ba ƙari, to a cikinsu wannan ita ce direba, ita ce mafi tsawo, ita ce mafi tsada, kuma ita kaɗai ce kusan ba ta da hulɗa da ƙasa, don ƙwallon ma a kan ɗan tsinke ake ɗora mata shi ta buga. Fuskar titaniyam ce, saman kuma kabon ne, sun yi shi fyalfyal da gangan don nauyin ya koma ƙasa ƙwallo ya tafi nesa. Ƙanina da ke Manchester ne ya sayo mun, fam 500 da 'yan kai, ni na tura kuɗina ba kyauta ba ce, kuma don Allah kar wani ya lissafa mun shi a sidi ko naira a ƙasan bidiyon nan, Hajiyarmu tana kallo.

Yadda abin ya faru, safiya ce, na ɗora ƙwallo na buga, bugu mai kyau ma kuwa, amma ƙarar da ta fito ba ita ba ce, sai ka ce an doki gwangwanin madara fanko. Ƙwallon ya tashi ya faɗi nan kusa. Yaron da ke ɗaukar mun jaka, ɗan unguwar Nima ne, ya karɓa ya juya ta a rana ya ce "Maigida, sandan ya mutu." Shi ke nan. Ban buga itace ba, ban buga ƙasa ba, mutum uku suna tsaye suna kallo.

To takardar da ta zo da ita ta ce garantin shekara 2 in matsalar daga wajen ƙira ce, ni kuma shekara ma ban cika da ita ba, sai na kwantar da hankalina, na ɗauki hotuna ta ko'ina, na ɗauki lambar da ke jikin wuyan sandar, na haɗa da rasit na tura, har da gaisuwa na yi musu mai kyau irin ta ɗan mutunci. Amsar da suka ba ni yanzu ita ce ta tsayar da ni a titi. Wai garantin na wanda ya saya ne da kansa, rasit kuma sunan ƙanina ne a kai. Wai sai an bi ta shagon da aka saya, a ƙasar da aka saya. Wai sun ga alamar ƙwallo ya taɓa saman kan, saboda haka lalacewar daga wajen amfani ce. Sai na ƙarshen wanda ya fi ƙona mun rai, wai an taɓa sandar, an rage mata tsawo.

Eh an rage, ni na sa aka rage, kuma gobe ma zan sake. Sandunan nan suna zuwa da tsawon inci 45 da ɗoriya, an auna su da Turawa dogaye, ni kuwa kun san ni, Allah bai ba ni tsayi ba ya ba ni baki. Ɗan abin da aka yanke ta wajen mariƙi ne, can sama inda hannu yake, me ya haɗa shi da kan da ke can ƙasa ya tsage? A yi mun bayani. Ita kuma alamar da suke faɗa, ku duba, ɗan goge ne a fenti, a wancan gefen ma yake, ba inda ya tsage ba, kuma ku nuna mun ɗan golf ɗaya a duniya wanda bai taɓa shiga ƙarƙashin ƙwallo ba ya ɗaga shi sama. Mutum yana zaune a ofis cikin sanyi, ya kalli hoton waya, ya yanke hukunci a kan abin da ko taɓa shi bai yi ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne takardar nan an rubuta ta ne don mutumin da shagon ke bayan gidansa, ya tashi ya shiga mota ya miƙa musu, su ba shi wata ya riƙe kafin su duba. Mu da ke Accra da zarar kaya ya sauka a filin jirgi garantinsa ya tsaya can inda ya taso. Na leƙa wani shago a cikin gari da ke sayar da kayan golf, mutanen kirki ne, suka ce ba a wajensu aka saya ba, ba abin da za su iya. Na tambayi masu aika kaya nawa za su kai ta Ingila, aka ce mun wajen sidi 2,500 zuwa kawai, saboda tsawon kwalin, dawowa kuma wani lissafin ne, ga kwastan suna jira. Na ce to ai kan yana kwancewa, akwai ɗan makullin da ake juya shi har ya yi ƙas, in cire kan kawai in sa a ƙaramin kwali, kamfanin ya ce a'a gaba ɗayanta suke so. Kuma duk wannan ba alkawarin canji ba ne fa, alkawarin dubawa ne.

A Kantin Kwari in ka sayi shadda ka je gida ka ga zare ya ja, ka koma, ko mai shagon ya so ya yi gardama maƙwabcinsa zai ce Alhaji canza masa mana, ai ɗan wane ne. Ba takarda ba lamba. Nan zango ma haka ne, kakanninmu da suka riƙa zuwa Salaga da Kumasi fataucin goro da wane rasit suka yi? Mutum ya karɓi kaya ya yi wata da watanni a hanya ya dawo da kuɗi cif. Na san wani zai ce ai a Kwari ma ana cutar mutane, to ana yi, amma aƙalla akwai fuskar da za ka je ka tsaya a gabanta, nan kuwa imel ne ko suna babu a ƙasansa.

Na kira ƙanina, na ce kai ɗan boko, ƙasarku ba doka ne? Ya ce Yaya akwai, dokar haƙƙin mai saye ta 2015, kuma ita ba ruwanta da garantin kamfani, tsakaninka da shagon ne. Cikin kwana 30 na farko in kaya ya nuna aibi za ka iya mayarwa a ba ka kuɗinka, cikin wata 6 kuma ana ɗauka da aibin ya zo, sai dai shago ya kawo hujjar cewa ba haka ba ne, amma in ya wuce wata 6 kai ne za ka kawo hujja. Mu kuma mun wuce. Sai ya ce da katin bashi aka biya da akwai wata hanyar, sashe na 75 na wata doka tasu ta 1974, abin da ya haura fam 100 bankin ma yana da alhaki tare da shagon. Na ce to da me ka biya? Ya ce Yaya ka san ba na riƙe katin bashi saboda riba. Na yi shiru, me zan ce, yaro ya fi ni gaskiya. Nan Ghana ma akwai dokar sayar da kaya ta 1962, amma cinikin ba a nan aka yi shi ba balle in je in ɗaga murya da ita.

Wanda ya fi ba ni amsa mai ma'ana a duk abin nan wani dattijo ne da ke gyaran sanduna, shi ya rage mun tsawon ma. Na ce Baba duba mun don Allah. Bai yi magana ba, ya fara kawo ɗan maganaɗisu ya manna a fuskar, bai kama ba, ya ce to ta gaske ce, don titaniyam ba ya kama maganaɗisu, jabun da yawa ƙarfe ne kawai aka fesa wa fenti. Sannan ya kai kan kusa da kunnensa ya girgiza a hankali, ya miƙo mun ya ce saurara, sai na ji wani ɗan abu yana yawo a ciki ƙis ƙis, ya ce gam ne ya saki, inda aka haɗa kabon da ƙarfen, daga nan tsagewar ta taso ba daga waje ba. Ya haska fitilar waya a kan layin ya nuna mun babu wani lotsawa a kusa da shi, ya ce da duka ne da ka ga rami. Na ce Baba za ka iya rubuta mun wannan? Ya yi dariya ya ce ɗana wa zai karanta takardata a Ingila. Sidi 50 na ba shi, da ƙyar ma ya karɓa, kuma ya gaya mun gaskiya wannan ba ta gyaruwa, da kara ce, wato dogon jikin sandar, ta karye da ya canza mun a yini ɗaya.

Shi ne ya tambaye ni ko ina barin jaka a but ɗin mota, na ce Allah ya kiyaye, a ɗaki take kwana. To ku da kuke yi ku daina, ina gaya muku, zafin but a ranar Accra yana sassauta gam ɗin da ke riƙe kai da kara, wata rana za ka buga ka ga kan ya riga ƙwallo tafiya. Kuma in za ka aiki wani ya sayo maka, ka ce a sa sunanka da imel ɗinka a rasit, ka yi rajistar lambar ranar da ta iso hannunka, ka ɗauki hotonta tana sabuwa ta kowane gefe. Wanda kuma zai hau jirgi da jakar golf, ka buɗe ta tun a filin jirgin kafin ka fita, in ka ga ɓarna ka cike takarda a nan take, don a ƙa'idar Montreal ta 1999, wadda kamfanonin jiragen sama ke bi tsakanin ƙasashe, kwana 7 kawai gare ka ka kai ƙara a rubuce, wani abokin wasanmu sai da ya yi sati biyu ya buɗe tasa ya tarar da sanda biyu a karye, ko sannu ba su ce masa ba.

Na san masu cewa Allah ya ƙara, wa ya aike ka wasan masu kuɗi, ina ganinku. Ni ma da haka nake cewa lokacin da nake wuce filin golf na Kano a kan mashin. Harkar aiki ce ta kawo ni ciki, mutanen da nake nema a ofis ba sa samuwa amma ranar Asabar da sassafe suna nan a kan ciyawa, kuma ba yabon kai ba yanzu akwai waɗanda suka girme ni a wasan da ba sa son a haɗa su da ni. Filin namu na Achimota rami 18 ne, ga makarantar Achimota nan kusa inda Nkrumah ya yi karatu, ga itatuwa, da safe in hazo ya sauko sai in tuna gida, sai dai hunturun nan wasa ne, wanda bai ga na Kano ba bai san leɓe na fashewa ba. Dattawa suna ba ni labari da can a filayen arewa wajen ramin ba ciyawa ba ce, yashi ne ake zuba wa mai a daddaɓe, a haka suka koya kuma suka iya, da sandunan ƙarfe da har yau suna nan ba abin da ya same su. Tawa ta fam 500 ko shekara ba ta yi ba.

Yunwa ma nake ji wallahi, daga nan Nima zan wuce in ci waakye, na so a ce fura ce mai nono na gaske irin na gida amma a yi haƙuri da abin da aka samu.

Ban haƙura ba fa. Ƙanina zai je shagon da ƙafarsa tunda sunansa ne a rasit, zai nemi su tura ta a duba da hannu ba da hoto ba, kuma duk abin da Baba ya nuna mun na ɗauka a bidiyo har da ƙarar gam ɗin, in sun ƙi ya nemi su rubuta dalilinsu a takarda da sunan mutum a ƙasa. Wata mai zuwa akwai wasa a filin golf na Royal da ke Kumasi, da ƙaramar sandar zan je, mai lamba 3, in aka ci ni kun san dalili. Abin da ya rage yanzu wanda zai kai ta, don sidi 2,500 ɗin nan ba zan biya ba, saboda haka duk wanda ya san mai tafiya Manchester ko Landan daga Accra cikin kwanakin nan ya yi mun magana ta inbos, sanda ɗaya ce ba nauyi, zan naɗe ta da kyau, kuma na yi alkawari ba zan cusa kilishi a kwalin ba, na san ba sa barin nama ya shiga.