Likitan ƙwaƙwalwa a gaban alƙali

Laccar da wani likita ya gabatar wa ɗalibai da iyayensu a Agege, an rubuto ta daga rikodin.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai, ƙannena ɗalibai, sannunku da fitowa.

Duk ranar da na tsaya a kotu kan mai taɓin hankalin da ake tuhuma, tambayar alƙali kusan ɗaya ce: in an saki wannan mutum, zai sake taɓa wani? Gaibu sai Allah, mu kuwa ba 'yan duba ba ne. Abin da muka iya shi ne auna haɗari. Akwai ma'aunin da aka tsara a Kanada, HCR-20, mai tambayoyi 20. Guda 10 kan tarihin mutum ne: ya taɓa duka ko sara, yana shaye-shaye, yaya ya taso. Guda 5 kan halin da yake ciki yau. Sauran 5 kan abin da zai tarar in ya fita, kuma nan ne hankalina ya fi tsayawa. Ina zai kwana? Wa zai tuna masa da magani? Abokan da suka koya masa kodin da wiwi suna nan a bakin layi? Mutum ɗaya, ciwo ɗaya, amma wanda kawunsa ke jira a ƙofa ba daidai yake da wanda zai koma ƙarƙashin gada ba.

Ku riƙe wannan, iyaye: yawancin masu taɓin hankali ba sa cutar da kowa, su aka fi cutarwa. Mari da bulala ba sa rage haɗari, ƙara shi suke yi.

An taɓa kai ni wani gidan yari in duba wani yaro mai tura baro a kasuwa. A takardarsa an rubuta cewa ba ya magana, ba ya haɗa ido da mutane, alamar ciwo mai tsanani. Na shiga na tarar da shi a tsugune, ya cire silifas ya ajiye gefe. Na ce, "Samari, ina gida?" Ya ɗago kai a firgice, sai hawaye. Watanni ba wanda ya yi masa Hausa. Sunkuyar da kan nan ladabi ne, haka aka tarbiyyantar da shi. Ciwon yana nan, ban ce babu ba, yana jin muryoyi. Amma sai da muka yi awa biyu kafin na raba abin da yake ciwo da abin da duk ɗan ƙauyensu zai faɗa game da iska da sammu. Tafinta ba zai iya wannan ba, wallahi. Rahoton da ba a fahimci mai shi ba yana iya cinye masa shekaru a tsare.

Shi ya sa na zo, in kira ku masu jin Hausa ku shigo wannan aiki. Hanyar zama likitan ƙwaƙwalwa doguwa ce: shekara 6 a jami'a, shekarar koyon aiki, bautar ƙasa, sannan horon ƙwarewa a wuri irin asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, wanda yake nan tun 1907. Kuma a 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta bai wa marar lafiya haƙƙoƙin da dole wani ya tsaya musu a kotu.

'Yan mata, har da ku nake, akwai matan da ke tsare da ba za su buɗe wa namiji cikinsu ba. Wanda ke son sanin darussan da zai riƙe tun daga sakandare ya same ni bayan sallar la'asar, ina nan har magariba.