Me Ya Sa Kujerar Shugaban Jam'iyya Ke Fara Girgiza Idan Zaɓe Ya Matso?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan ginin da kuke gani shi ne Wadata Plaza, a Wuse Zone 5 nan Abuja, hedkwatar jam'iyyar PDP ta ƙasa. Idan ka hau tasi daga nan, in babu cunkoso, 'yan mintuna za su kai ka titin Blantyre a Wuse 2, inda APC ke da tata sakatariyar. A kowane ɗaya daga cikin gidajen nan akwai wata kujera da ba kasafai mai ita ke tashi da son ransa ba, kujerar shugaban jam'iyya na ƙasa.

Ku lissafa da ni a APC kawai. Tun da aka yi mata rajista a 2013, Bisi Akande ya yi riƙo, John Oyegun ya hau, sai Adams Oshiomhole, sai kwamitin riƙo na Mai Mala Buni, sai Abdullahi Adamu, sai Abdullahi Ganduje, sai Farfesa Nentawe Yilwatda ɗan jihar Filato a watan Yulin 2025. Cikin waɗanda suka sauka, Oyegun ne kaɗai ya cika shekara huɗu. To me ke cikin kujerar nan da ake rububinta haka, alhali mai ita ba ya rabon kwangila, ba ya naɗa minista?

Alƙalami ne. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai ba kowa damar tsayawa takara da ƙashin kansa ba, sai jam'iyya ta tsayar da shi. Jam'iyyar kuma, idan za ta miƙa sunayen 'yan takara ga hukumar zaɓe ta INEC, sa hannun shugaba da sakatare na ƙasa ake dubawa. Uwar jam'iyya ce ke tura kwamitin da zai gudanar da zaɓen fidda gwani a jihohi, ita ke tantance masu neman takara, ita ke cewa wannan jerin daliget ne na gaskiya, wancan na bogi ne. Duk mai son tikitin shugaban ƙasa ya san cewa tun kafin a buga fosta, sai ya tabbatar alƙalamin nan yana hannun nasa.

In kuna ganin wasa ne, ku tambayi mutanen Zamfara. A 2019 APC ta lashe zaɓen jihar, ana ta shirin rantsuwa, sai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 24 ga Mayu cewa jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, don haka ƙuri'unta sun tashi a banza. Daga gwamna har 'yan majalisa aka karɓe kujerun, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna. Bayan shekara biyu shi ma ya koma APC ɗin, amma wannan wani labarin ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ta inda ake kayar da shugaban. Mutum yana zaune a Abuja, jiniya gaba jiniya baya, gwamnoni na layi a ƙofar ofishinsa, amma rajistarsa ta jam'iyya tana can mazaɓarsa ta ƙauye, wani ɗan ofis mai benci biyu da tuta. Sai a wayi gari shugabannin mazaɓar sun kira 'yan jarida, sun karanta takarda cewa sun dakatar da shi. Daga nan wani ya garzaya kotu ya ce wanda aka dakatar daga jam'iyya ba zai shugabance ta ba. Haka aka yi wa Oshiomhole daga mazaɓarsa ta Edo, har aka rushe kwamitinsa a watan Yunin 2020. Haka aka yi wa Uche Secondus na PDP daga Ribas a 2021, haka aka yi wa Iyorchia Ayu daga Binuwai a 2023. Ko Ganduje sai da aka gwada masa a 2024 daga mazaɓarsa ta Dawakin Tofa, ya tsallake a lokacin. Ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya ga shugaban mazaɓa ya iya ɗaukar manyan lauyoyi dare ɗaya, ya san akwai babba a bayansa.

Akwai kuma lissafin shiyya. Sashe na 134 ya ce bai isa ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a ba, sai ya samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato jihohi 24. Babu shiyyar da za ta iya wannan ita kaɗai. Shi ya sa jam'iyyu ke karɓa-karɓa: ɗan takara daga nan, shugaban jam'iyya daga can, kowa ya ji yana da hannu a tukunyar.

PDP ta ɗanɗana kuɗarta sau biyu a kan wannan kujera. Ranar 31 ga Agustan 2013, ana tsakiyar babban taro a Dandalin Eagle, Atiku Abubakar da wasu gwamnoni suka tashi suka fice, suka kafa abin da suka kira sabuwar PDP ƙarƙashin Kawu Baraje. A fili, abin da suke cewa shi ne a cire Bamanga Tukur, shugaban jam'iyyar na ƙasa a lokacin. A ƙarƙashi kuwa, takarar Goodluck Jonathan ta 2015 ce ake ja-in-ja a kai. A watan Nuwamba gwamnoni biyar suka koma APC: Kwankwaso na Kano, Wamakko na Sakkwato, Nyako na Adamawa, Amaechi na Ribas da Abdulfatah Ahmed na Kwara. Sai a Janairun 2014 Bamanga ya sauka aka kawo Adamu Mu'azu. Ihu bayan hari.

A 2022 kuma, Atiku ya kayar da Nyesom Wike, gwamnan Ribas na lokacin, a zaɓen fidda gwani da ƙuri'a 371 da 237. Wike da gwamnonin Oyo, Binuwai, Inugu da Abiya suka ce ɗan takara ɗan Arewa, shugaban jam'iyya ma ɗan Arewa, ba za ta saɓu ba, Ayu ya sauka. Ayu bai sauka ba. Da aka ƙirga ƙuri'u a Fabrairun 2023, Atiku bai ci ko ɗaya daga jihohin nan biyar ba. Tinubu ya samu miliyan 8.79, Atiku miliyan 6.98, Peter Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5. Ku tuna Obi da Kwankwaso duk 'yan PDP ne har farkon 2022.

Sai dai kar a ɗauka alƙalamin ya fi ƙarfin kowa. A watan Yunin 2022 Abdullahi Adamu ya ambaci Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar maslaha, gwamnonin APC na Arewa suka ce mulki Kudu zai koma. Daliget a hannun gwamnoni suke, kuma Tinubu ya tashi da ƙuri'a 1,271. Mazauna Abuja sun san irin wannan makon: otal babu ɗaki, motocin jihohi sun tare hanyar sakatariyar tarayya, 'yan canjin Zone 4 ba sa samun sararin cin abinci.

To ina manufa a cikin duk wannan? Ku ɗauki tallafin mai. Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta cire shi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. 'Yan adawar lokacin, waɗanda daga baya suka haɗu suka zama APC, suka yi tir da matakin, aka yi zanga-zanga da yajin aiki har aka sauko zuwa naira 97. A watan Mayun 2016 gwamnatin Buhari ta kai lita naira 145. Da aka zo kamfen ɗin 2023, Tinubu da Atiku da Obi duk sun ce za su cire tallafin. Ranar 29 ga Mayu, a Dandalin Eagle ɗin nan dai, Tinubu ya sanar cewa tallafi ya tafi, cikin kwana biyu lita ta haura naira 500 a Abuja. Waɗanda suka sha kaye suka koma sukar yadda aka yi shi. Kowane ɓangare na da uzurinsa, wannan ya ce lokaci ne ya canza, wancan ya ce gaggawa aka yi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a duka biyun. Ma'aikacin da ke fitowa daga Mararaba da asuba, ya tsaya bakin titi yana ɗaga wa motar haya hannu, shi dai ya ga masu magana sun yi musayar baki ne daidai lokacin da suka yi musayar kujera.

Haka batun 'yan sandan jihohi. Kwamitin APC da Nasir El-Rufa'i ya jagoranta ya ba da shawarar a yi su a rahoton da ya miƙa a Janairun 2018, shekara guda kafin zaɓe. Aka yi zaɓen 2019, aka yi na 2023, ba a kafa su ba.

Wannan kuma Cibiyar 'Yar'aduwa ce. A nan, ranar 2 ga Yulin 2025, haɗakar 'yan adawa ta bayyana ADC a matsayin jam'iyyar da za ta shiga zaɓen 2027 da ita. Atiku, Obi, El-Rufa'i da Amaechi duk suna zauren. Abin da aka fara yi shi ne Ralph Nwosu, wanda ya daɗe yana shugabancin jam'iyyar, ya sauka, aka miƙa riƙo ga David Mark, Rauf Aregbesola ya zama sakatare. A ranar an tashi taro an san masu sa hannu guda biyu, ba a ambaci ɗan takara ba.