Yadda masana taurari ke yi da fiksel ɗin da ya lalace

To jama'a, duk hoton sararin samaniya da kuka gani ya fito tas, ba haka ya fito daga kyamara ba fa. Kyamarar madubin hangen nesa ɗigo-ɗigo ne miliyoyi, fiksel kenan, kowanne na ƙirga hasken da ya sauka a kansa, kuma ba dukansu ne ke faɗin gaskiya ba. Wani ya mutu murus, wani ko a duhu sai ya nuna haske, wani kuma tauraro mai ƙarfi ya cika shi har ya tumbatsa ya malala kan maƙwabtansa, ga ƙwayoyin kosmik, wato ƙananan ƙwayoyi masu ƙarfi daga sararin samaniya, da ke shigowa a guje su bugi kyamara su bar ɗigo fari ƙal, ga tauraron ɗan adam da zai ratsa ya ja dogon layi.

To ya ake yi da su? Ba a gogewa. Ana haɗa wani hoto na biyu, girmansa daidai da na farko, shi ne maski, amma maimakon haske lamba ce a kowane gurbi. Sifili na nufin lafiya lau. In ba sifili ba, to akwai magana.

Nan ne abin ya fi burge ni wallahi. Lambobin ba 1, 2, 3 suke tafiya ba, ninkawa suke, 1, 2, 4, 8, 16, haka dai. A bayanan madubin hangen nesa na James Webb da ke sararin samaniya misali, 1 na nufin kar a yi amfani da wannan fiksel, 2 ya cika ya tumbatsa, 4 an ga lissafinsa ya yi tsalle kwatsam wanda yawanci bugun kosmik ne. Kenan in ka ga 6, ai 2 da 4 ne, matsala biyu a fiksel ɗaya, kuma babu wani haɗin da zai ba ka 6 sai wannan. Lamba ɗaya tak ta riƙe duk dalilan, kuma a cikin fayil ɗin FITS, irin fayil ɗin da masana taurari ke ajiye hotuna a ciki, take tafiya tare da hoton duk inda aka kai shi.

Wani zai ce me zai hana kawai a sa sifili a wurin a cikin ainihin hoton a huta? A'a, sifili ma ai awo ne, kwamfuta za ta ɗauka da gaske wurin duhu ne, ta haɗa shi cikin lissafi, tauraronka ya fito ya fi ainihinsa dishi-dishi. Amma da maski ainihin bayanin na nan, mai auna haske zai tsallake fiksel ɗin da ya tumbatsa, mai neman inda tauraron yake kawai kuma wataƙila ya iya aiki da shi a haka. Giɓin ma ana cike shi, a ɗan gusar da madubin tsakanin ɗauka da ɗauka yadda wuri ɗaya a sama zai faɗa kan fiksel daban-daban, in an zo haɗa hotunan a tsallake fiksel mai alama.

Sai dai a kula, in manhajar gano kosmik ta cika zafi tana iya sa wa tsakiyar tauraro na gaske alama saboda shi ma tsini gare shi, shi ya sa dole mutum ya buɗe maskin ya duba da idonsa. Kyamarar cibiyar Vera Rubin da ke Chile kuwa fiksel kusan biliyan 3.2 gare ta, tana kwatanta sabon hoto da tsoho don gano abin da ya canza, to bugun kosmik ɗaya da ya tsere ba alama zai iya fitowa kamar wani sabon abu ya haska a sama.