Tsirkiya 2, 3 da 4: yadda amsar ta zama 49

Assalamu alaikum jama'a, yau wata tsohuwar tambaya na ɗauko mana daga gasar lissafi ta AIME da ake yi a Amurka, ta shekarar 1985, tambaya ta 9. A wannan gasar tambayoyi 15 ne a awa 3, kuma kowace amsa cikakkiyar lamba ce daga 0 zuwa 999, to ku riƙe wannan a ranku.

Ga da'irarmu a allo. Duk layin da ya tashi daga bakin da'ira ya je ya taɓa wani bakin, ni tsirkiya nake ce masa, don in kun duba shi da lanƙwasar da ke bayansa kamar baka ne da tsirkiyarsa. An ba mu guda uku a jere, faralel, wato layukan da ba sa haɗuwa ko an ƙara musu tsawo, tsawonsu 2, 3 da 4. In ka ja layi daga cibiyar da'ira zuwa bakunan kowacce, ta 2 tana ba da kusurwa alfa, ta 3 tana ba da bita, ta 4 kuma alfa da bita a haɗe, kuma jimlar ba ta kai digiri 180 ba. Aka ce nemo kos alfa, wato kosayin na kusurwar alfa, ka rubuta shi lamba bisa lamba, ka rage shi iya raguwa, sai ka tara lambar sama da ta ƙasa.

To a nan ne mutane ke maƙalewa, kalmar faralel ɗin nan ce ke riƙe su, sai ka ga yaro ya fara neman tazarar da ke tsakanin layukan ya shigo da radiyos, wato tsawon daga cibiya zuwa bakin da'ira, ya cika takarda, alhali ba ruwan amsar da ita. Tsawon tsirkiya abu biyu kawai ya sani, radiyos da kusurwar cibiya, wato 2 sau radiyos sau sayin na rabin kusurwar. Ko ina ka murza ta a cikin da'irar tsawonta da kusurwarta suna nan.

Ku kalli allo da kyau, wallahi wannan wajen nake so. Na ɗauki ta 2 na murzo ta, na ɗauki ta 3 na jona bakinta da bakin ta 2. Daga farkon wannan zuwa ƙarshen waccan kusurwa nawa muka ci? Alfa da bita. Wace tsirkiya ce ke da alfa da bita? Ta 4! Yauwa, ita ce za ta rufe, sai ga alwatika mai gefe 2, 3, 4 zaune daram a cikin da'ira.

Saura ƙiris. Kusurwar da ke bakin da'ira rabin ta cibiya ce in dai baka ɗaya suke kallo, don haka kusurwar da ke fuskantar gefen 2 rabin alfa ce. Mu kira dokar kosayin, wadda ke ba da kos na kusurwa daga tsawon gefuna ukun alwatika: 3 sukwaya 9, 4 sukwaya 16, a tara 25, a cire 2 sukwaya wato 4, saura 21. A ƙasa 2 sau 3 sau 4, 24. To 21 bisa 24, a rage, 7 bisa 8.

Kar ku yi saurin cewa 15 fa, wannan kos na rabin alfa ne, ba na alfa ba, kuma kuskure ne mai zafi don an riga an gama mai wuyar. Kos alfa shi ne 2 sau sukwayar kos na rabinsa, a cire 1. 7 bisa 8 sukwaya 49 bisa 64, sau 2 ya zama 98 bisa 64, cire 1 saura 34 bisa 64, wato 17 bisa 32. Ba ya ƙara raguwa tunda 17 babu mai raba ta sai 1 da ita kanta. 17 da 32, 49.

Sharaɗin nan na ƙasa da 180 fa, bari mu gwada shi da kalkuleta. Alfa ya fito wajen digiri 58, bita kuma kos na rabinsa 11 bisa 16 ne, wajen digiri 93 kenan, a haɗe 151. Shi ya sa a zanen nan kuke ganin cibiyar ta faɗo wajen alwatikar, can ƙetaren gefen 4.