Littafi nawa mutum zai iya ara? Saita iyakar aro idan laburare sun haɗa manhaja ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan laburare. Yau za mu duba wata 'yar lamba da ake sakawa a manhaja, wadda ita ce ke yanke hukunci ko ɗalibi zai fita da littafi ko ya koma gida hannu Rabbana.

Mu ɗauka laburare uku a nan Kaduna, ɗaya a Kawo, ɗaya a Tudun Wada, ɗaya a Barnawa, sun haɗa kai suna aiki da manhaja ɗaya da kundin littattafai ɗaya. Mai katin Kawo zai iya shiga na Barnawa ya ari littafi ba tare da sabon rajista ba. Abin alheri ne, domin babu laburaren da ke da kuɗin sayen komai. To amma Kawo ta ce littafi 5 take bayarwa, Tudun Wada ta ce 3. Ƙa'idar wa za a bi?

Za mu yi misali da Koha, manhajar kyauta da aka ƙirƙira a ƙasar Niyu Zilan a 1999, wadda laburaren jami'o'i da dama a Najeriya ke amfani da ita. Akwai kuma Evergreen, wadda ta fara aiki a jihar Jojiya ta Amurka a 2006 musamman domin gamayyar laburare. Sunayen maɓallai sun bambanta, amma tambayar ɗaya ce.

Ku dubi shafin ƙa'idojin aro da tara na Koha. Kowane layi ya ginu ne a kan abu uku: wane laburare, wane rukunin mai aro, wane nau'in kaya. Misali: Kawo, ɗalibi, littafin karatu, guda 5, kwana 14. Idan aka zo aro, Koha tana fara neman layin da ya dace da ukun gaba ɗaya. In ba ta samu ba, sai ta sassauta, ta nemi na wannan laburare da wannan rukuni a kowane irin kaya, ta ci gaba da haka har ta ƙare layukan laburaren, sannan ta koma kan ƙa'idar gama-gari ta dukkan rassa. Ma'ana, ƙa'idar reshe tana danne ta gamayya. Duk reshen da ya rubuta nasa layin, to ya fita daga abin da aka amince a taro, ko da bai yi niyya ba.

A lura da gurbin adadin aro da ke kowane layi. Barin shi fanko ba hanawa ba ne, yana nufin babu iyaka. Wanda yake son hana fita da kaya, kamar ƙamus ko kundin digiri da ake karantawa a ciki kawai, sifili zai rubuta.

Yanzu ga inda aikin yake. Akwai wani saiti mai suna CircControl, kuma shi ne ke faɗa wa manhaja ƙa'idar wane laburare za ta ɗauka. Zaɓi uku ne: na inda ma'aikaci yake zaune yana bayar da aron, ko na laburaren da mai aro ya yi rajista, ko na laburaren da littafin ya fito. Saiti ɗaya ne ga gamayyar duka, ba kowane reshe da nasa ba, shi ya sa ba abu ne da mai kula da kwamfuta zai yanke shi kaɗai ba. Shugabannin laburaren ne za su zauna su cimma matsaya.

Dalili kuwa, wannan zaɓin ya shafi har yadda ake ƙirga littattafan da ke hannun mutum. Idan an zaɓi laburaren da littafi ya fito, kuma kowane reshe ya saka nasa 5, Koha za ta ƙirga na kowane reshe daban. Ɗalibi ya ɗauki 5 a Kawo da safe, ya hau Keke ya sauka Tudun Wada ya ƙara 5, da yamma ya tsallaka gada zuwa Barnawa ya cike 15, kuma babu allon da zai nuna gargaɗi. Kamar mai cin bashi a shago uku ne, kowane mai shago littafinsa kaɗai yake dubawa. A lokacin jarrabawa, wannan na nufin mutum ɗaya ya kwashe abin da ajinsu ke jira. Idan kuwa an zaɓi laburaren mai aro, duk abin da ya ɗauka a ko'ina a wuri ɗaya ake lissafa masa.

A ganina, gamayyar da take son adalci tsakanin masu karatu ta saka jimillar iyaka a matakin dukkan rassa, ga kowane rukuni, ɗalibi da malami da baƙo, sannan a bar wa reshe ikon ƙuntata kayansa masu wuyar samu kawai. Ƙaramin laburare yana da haƙƙin kare 'yan littattafansa, amma kada kariyar ta zama layuka barkatai da ba wanda ya san dalilinsu bayan an canza ma'aikata.

Sai batun tsallake iyaka. Saitin AllowTooManyOverride yana ba ma'aikaci damar bayar da littafi ko da mutum ya cika adadinsa. Yana da amfani idan malami na tsakiyar bincike. Amma in reshe ɗaya yana ɗaga ƙafa kullum, ɗaya yana tsaurarawa, masu aro za su gane, su riƙa tururuwa wuri ɗaya. A rubuta a takarda wa ke da wannan izini, kuma a wane hali.

Kafin a buɗe wa jama'a, a ƙirƙiri katin gwaji ɗaya ga kowane rukuni. A shiga da sunan Kawo a ara har manhaja ta ƙi, sannan a koma sunan Barnawa da katin nan a sake gwadawa. Idan ta karɓa alhali yarjejeniyarku ta ce kada ta karɓa, a koma a duba CircControl da layukan da rassa suka ƙara da kansu.